A Ƙara Tarago Ɗaya

A wani gari, can da, an yi wani tela wanda ba abin da yake so kamar ƙera ɗan jirgin ƙasa na gwangwani. Ya shimfiɗa masa layin dogo na waya a tsakar gida, daga bakin zaure zuwa gindin rumbu.

Duk gwangwanin da ya gani sai ya ce, "A ƙara tarago ɗaya!" Ya kwashe na madara, ya kwashe na tumatir, har da wanda matarsa ke auna gishiri da shi.

Ta ce, "Malam, ai ya isa haka."

Ya ce, "Ke ina ruwanki da harkar jirgi? A ƙara tarago ɗaya!"

Ranar gwaji ya tara maƙwabta, ya jera taragai, ya busa usur, ya ja zare. Jirgi ko motsi! Da ya duba, ashe kan jirgin ya tokari rumbu, wutsiyarsa kuwa tana nan bakin zaure.

Maƙwabta suna ta ƙunshe dariya, matar ta sunkuya ta cire gwangwaninta, ta ce, "Sannu da hanya, Malam, kun iso tun ba ku tashi ba. Tunda an sauka, bari in ɗauki kayana."