Wanda Ya Ari Muryar Sarjan Abdussalamu

"Minti goma ka ce mini, Sarjan! Minti goman naka har ya haihu ya ga jikoki!"

"Mon ajidan, inji ne, ba jaki ba. Ba ya jin sanda."

"Bon! Rana ta sunkuya. In jirgin ga ya kwana nan, wa za ya kawo lodin gobe? Kai za ka ɗauko shi a ka daga Yamai?"

Sarjan Abdussalamu, makanikin jirgin, ya ci gaba da aikinsa. Kwanansa uku rabonsa da barcin kirki, idanunsa kamar an zuba musu barkono. Ajidan Rabo kuwa, wanda ya fi shi muƙami a soja, mai kula da rabon hatsi, muryarsa irin ta tsohon kwano ce da ake ja bisa tsakuwa, kuma kowace magana sai ya buɗe ta da "bon", wato "da kyau" a Faransanci, ko da babu abin da ya yi kyau.

Shekarar fari ce, tamanin da huɗu, zamanin soja. Gabas da Mayahi aka share fili don jirgin agaji ya riƙa sauka da jar dawa. Wajen sharar an sare itatuwan gawo uku. Tsofaffi sun ce ba a yi wa masu wurin, iskokin da ke zaune a gawon, sallama ba, aka ce musu su koma bayan igiyar da ke tare jama'a.

Jirgi duk girmansa ba ya iya tada kansa. Manyan injinan da ke fukafukai barcin asara suke, sai wani ɗan ƙarami da ke ɓoye a kuiɓi, kusa da tayoyi, ya riga su farkawa. Batir ya juya shi, buji ya ƙyasta masa wuta, ya kama. Shi zai ba jirgi lantarki, ya hura iska mai ƙarfi ta bututu har ta murɗa manyan. A birni akwai amalanken wuta da ake turowa in ya yi gardama. A daji babu kowa sai shi. Yau sau biyu ana gwada shi yana tari yana mutuwa, batir kuma ƙarfin gwaji ɗaya ya rage masa. Filin ba fitilu. In duhu ya rufe, an kwana.

Abdussalamu ya duba mai, yana nan a ma'auninsa. Ya kwance buji ya kankare baƙin da ya daskare, ya mayar. Saura maƙogwaron iska, inda rairayi da ƙarangiya ke maƙalewa bayan raga, gaban farfelar da ke zuƙa. Wannan sai an zura hannu har kafaɗa.

Dokar aikin ɗaya ce, tun ranar farko aka koya masa: kafin ka zura hannu, shiga jirgi ka zare fizibil ɗin injin, wato fis ɗin da ke ba shi wuta, ka sa a aljihu, ko wa ya danna maɓalli ba abin da zai motsa. Shekara tara bai taɓa tsallake ta ba.

Amma yau Ajidan Rabo ya koma bakin ƙofar jirgi ya kafe, yana laluben duk wanda ya fito. Aljihunan cinyar Abdussalamu biyu kuwa cike suke da dawar da ya share a ƙasan jirgi, wadda ta zube daga buhuna. Yayarsa Zara'u ta tako da ƙafa daga ƙauyensu na wajen Kanan-Bakashe, tana tsaye bayan igiya tun hantsi. Rabon ƙauyen nasu sai mako mai zuwa. Magana ɗaya ta faɗa masa ta tsakanin kafaɗun mutane: "Ƙafafun Inna sun kumbura."

Ya dubi ƙofar, ya dubi rana. Ya ɗaga kai wajen tagar matuƙi.

"Laftana Umaru, don Allah kada ka taɓa komi sai ka ji muryata."

"Na ji ka, Sarjan."

Ya kwance raga ya ajiye. Ya durƙusa, ya zura hannun dama.

Ƙarfen ya yi sanyi. Abin ya ba shi mamaki, don jirgin ya wuni cikin rana. Da can wurin warin man jirgi yake, haɗe da na mushen shanu da iska ke kawowa daga daji. Yanzu wani wari ne ke fitowa daga ramin, na tsohon rumbu da aka daɗe ba a buɗe ba.

Yatsunsa suka taɓa farfela. Ya fara yakice rairayi.

Sai injin ya fara kuka. Siririn fito ne, wiiiii, yana hawa a hankali, daidai yadda yake yi in ya kama lafiya. Amma farfelar tana nan cik a ƙarƙashin yatsunsa, ba ta motsa ba. Ba zafi, ba hayaƙi. Kukan kawai.

Sai kukan ya tsaya kamar an yanke shi da wuƙa.

"Bon," aka ce daga cikin ramin, ƙasa-ƙasa. "Mi ke cikin aljihunka?"

Ya waiga. Ajidan Rabo yana can bakin ƙofa, taku ashirin, yana zazzage hular wani lebura.

Ya ja hannunsa. Bai fito ba. Wasu yatsu sun kewaye masa wuyan hannu, sirara, busassu kamar karan dawa, dogaye fiye da na mutum. Ba su matse ba. Sun dai riƙe.

"Na Allah."

Sunan da Inna ke kiransa ne. Ba wanda ya san shi a soja. Har ɗan tarin nan nata da ke biyo bayan magana, sai da aka yi shi.

"Na Allah, ka ci ka bar mu?"

Ya buɗe baki zai yi a'uzu. Harshe ya motsa, sauti bai fito ba. Ya sake gwadawa. Maƙogwaronsa wayam.

Can wani ya fara kiran sallar magariba a cikin taron, muryar tana rawa.

Sai ya ji muryarsa. Tasa ta kansa, da dishewar kwana uku, ta fito daga ramin da ƙarfi.

"Laftana! Tada shi!"

"To!" in ji matuƙi daga sama.

Tak. Tak. Tak. Buji ya fara ƙyastawa.

Farfela ta motsa, ta goge masa yatsa.

Ya kai hannun hagu cinyarsa. Maɓallin aljihu ya ƙi.

Ya finciko shi, yadin ya yage.

Dawa ta zubo, shaaa.

Yatsun suka sake shi.

Ya faɗi da baya cikin rairayi. Farfela ta riga ta tafi da kan yatsansa na tsakiya. Bai ji zafi ba tukuna. Abin da ya ji shi ne sauti a ƙarƙashin jirgi, caf-caf-caf, kamar kaji ɗari a kan faifai. Injin ya yi gum, ya kama, kukansa na gaskiya ya hau, iska mai zafi ta bugo ta baya.

Ya dubi inda dawar ta zuba. Ko ƙwaya. Sai ƙananan ramuka a cikin rairayin, birjik.

Ajidan ya iso a guje, ya ga jini, ya ga yagaggen aljihu, ya ga ɗaya aljihun a kumbure. Abdussalamu ya gaji da yawa, ƙarya kuma tana son ƙarfi. Da muryar ta dawo, a shaƙe, ya faɗi komai. Laftana ya leƙo yana rantsuwa da iyayensa cewa shi muryar Sarjan ya ji. Ajidan ya daɗe yana kallon ramukan nan. Ya buɗe baki zai ce "bon", ya fasa. Sai ya juya baya, ya kama yi wa wasu leburori faɗa a kan igiya, bai waigo ba har Zara'u ta gama juye ɗaya aljihun a bakin zanenta. Dawar ba ta kai rabin tiya ba. Ta ƙulle, ta dubi yatsan ƙanenta da ya naɗe da tsumma, ta kama hanya.

Da hannu ɗaya ya mayar da raga. Jirgin ya tashi da sauran ja a sama.

Inna ta kai makon. Kunu take sha, ludayi biyu safe, biyu yamma, har rabon ƙauyen ya zo.

Daga ranar, Abdussalamu bai ƙara ba matuƙi izini da baki ba. Jan ƙyalle ya samu, sai an ga ya ɗaga shi da hannunsa. Fizibil kuma ko gobara ake yi sai ya zare shi. Muryarsa ba ta koma daidai ba, wani ɓangare nata ya tsaya a wurin. Leburorin filin sun ce wani lokaci da magariba, jirgi ba ya nan, sukan ji Sarjan yana cewa a tada shi.

A sauka ta gaba, tun kafin a buɗe ƙofar kaya, ya cika tafin hannu da sharar dawa ya zuba a gindin taya. Ajidan Rabo ya tsaya a kansa, hannaye a ƙugu. Laftana da leburori suka yi cirko-cirko.

"Sarjan, wa kake ba hatsin gwamnati?"

"Masu wurin, mon ajidan."

Ajidan ya dubi kututturan gawon nan uku. Ya gyara hularsa, ya rage murya.

"Bon. To ka faɗa musu su bi layi kamar kowa."