Jan Idon Suhaibu

Iya ce ta fara lura. Tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale, jikanta Suhaibu ya yi sallama da jaka a kafaɗa, ta ɗago ta ƙare masa kallo.

"Kai, matso nan! Me ya sami idonka ya yi jawur kamar gauta?"

"Ba komai, Iya. Daga lesin nake."

"Lesin ɗin ne yake jan ido? To Allah Ya kyauta!"

Daga kicin mahaifiyar yaron, Khairunnisa, take jin su. Ita kaɗai ta san babu wani lesin. Tun ƙarshen damina ɗanta yake zuwa ƙungiyar iyo ta matasa, wadda wani tsohon sojan ruwa, Koci Sha'aban, yake horarwa a wurin wankan wani otal da ke hanyar Kongolam. Ita ta kai shi da kanta, ita kuma ta shirya masa ƙaryar.

Ba wai rashin hankali ne ya sa ta ba. Wata rana ce ta kama shi a kududdufin bayan unguwa tare da abokansa, ruwa har wuya, babu babba ko ɗaya a kusa. Ta doke shi, ya koma. Ta roƙe shi, ya sake komawa. Sai ta ga in dai ruwan nan ba zai bar shi ba, gara ya koya a hannun wanda ya sani. Matsalar ita ce mijinta Munzali. Ƙanensa Sadiq a kududdufi ya rasu suna yara, a gaban idonsa, kuma tun ranar ko maganar iyo ba a yi a gidan mahaifiyarsu Iya. Auren soyayya Khairunnisa ta yi da Munzali, mutumin da ko farashin buhun gero ba ya ɓoye mata, amma wannan magana ta kasa tunkararsa da ita.

Ranar da ta kai yaron, kocin bai rage mata komai ba. "Hajiya, wannan ba wasan ruwa ba ne, gasa muke shiryawa. Sai likita ya duba shi. Zai riƙa zuwa bayan la'asar, zai gaji, zai ci abinci kamar me, wata rana mu tafi Katsina ko Kano. Shi ya sa ba na karɓar yaro sai gidansu duka sun sani. Ina babansa?"

"Ya amince, aiki ne ya yi masa yawa," in ji ta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

To, duk abin da kocin ya faɗa sai da ya faru, sai dai mutanen gidan wata fassara suka ba shi. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya koma cin tuwo kamar ƙato. Ana idar da Magariba yake ɓingirewa a kan dadduma. Idanu kullum ja saboda maganin da ake zuba wa ruwan, ga wani wari-wari a fatarsa wanda sabulu ba ya fitarwa. Wandon iyonsa da tabaran ruwa kuwa a ƙasan gadonta Khairunnisa take ɓoye su.

Wata Laraba Munzali ya dawo daga kasuwa fuska a murtuke. Ashe ya biya gidan malamin lesin, malamin ya ce shi bai ma san wani Suhaibu ba.

"Ina kake zuwa?" ya daka wa yaron tsawa. "Me kake sha? Sirof ne ko wiwi? Faɗa mini!"

"Wallahi Abba ba na shan komai!"

"To ina kake zuwa?"

Suhaibu ya saci kallon uwarsa, sannan ya sunkuyar da kai. Ta taɓa ce masa, "In Abbanka ya ji, aurena ne zai mutu," kuma yaron ya riƙe maganar gam. Tas! Munzali ya wanke shi da mari — shi da bai taɓa ɗaga wa ɗansa hannu ba. Iya ta saka salati tana kuka. Khairunnisa na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Kaico! Tsoro mugun abu ne.

Da yamma Munzali ya same ta a ɗaki, idonsa cike da ƙwalla. "Khairi, ni ne na yi sakaci. Kasuwa ta ɗauke mini hankali har yaro ya lalace ban sani ba. Ki yafe mini." Ya riƙe hannunta. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya ce akwai wani malami a wani ƙauye gaba da Zango mai tsare kangararrun yara, ranar Asabar zai kai shi can.

"Abban Suhaibu, a ɗan ƙara bincike mana—"

"Binciken me ya rage? Ke ba ki ga idonsa ba?"

Ta kasa ci, ta kasa sha. Ta san irin wuraren nan, ta san har mari ake sa wa yara a ƙafa. Kullum sai ta ce yau zan faɗa, kullum sai ta ga fuskar Munzali ta fasa. Shi ko yaron ko harara bai yi mata ba, kuma wannan ne ya fi cin ta.

Asabar da hantsi aka sa jakarsa a mota. Suhaibu ya durƙusa ya yi wa Iya sallama, sannan ya zo gaban uwarsa, a hankali ya ce, "Umma, kada ki damu. Ban faɗa ba."

Nan ta biyo su waje. Ta zube a gaban motar tana kuka.

"Abban Suhaibu, tsaya! Don Allah tsaya! Ba ya shan komai — iyo yake zuwa! Ni na kai shi, ni na sa shi ƙarya. Maganin ruwan ne yake jan idonsa!"

Ta ruga ɗaki ta kwaso wandon da tabaran ta zube a gabansa. Munzali ya daɗe yana kallonsu. Bai yi ihu ba.

"Khairi, kina tsaye na mari ɗana a kan ƙarya? Na ba ki haƙuri, kika karɓa?"

Ya sauke jakar daga mota ya yi ficewarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba ta yi yaji ba, ba ta kare kanta ba. Ta ci gaba da kai masa abinci, ya ci ko ya bari. Abin mamaki, Iya ce ta sa baki. Ta kira ɗanta ta ce, "Laifi ta yi, babba ma. Amma mu ma da namu. Mun hana a ambaci ruwa a gidan nan, yaro kuwa yana can kududdufi ba mu sani ba. Tashi ka je ka gani da idonka."

Ya je. Koci Sha'aban da ya ji labari ya dafe kai ya ce shi ma da sakacinsa, da ya dage sai ya ga uban yaro. Ya zagaya da shi, ya nuna masa mai ceto da ke zaune a bakin ruwa, da ɓangaren da ba shi da zurfi inda ƙanana suke farawa. Ya ce iyaye ma suna da ranar zuwa kallo. Sannan ya hura usur. Munzali ya ga ɗansa ya tsunduma yana keta ruwa, ya bi shi da ido har ya kai ɗaya gefen.

Da suka dawo gida, a gaban Khairunnisa ya zaunar da yaron. "Suhaibu, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Marin ya wuce, Abba." Yaron ya ɗago ya kalli ubansa. "Amma da gaske ka yarda zan iya shaye-shaye?"

Munzali ya jawo shi jikinsa. Ya rungume shi, uwar ta kifa kai a gwiwa, su ukun suna kuka.

A hankali gida ya daidaita. Munzali ya yafe wa matarsa bayan ta yi alkawarin ba ta ƙara ɓoye masa komai, kuma da aka je gasa Katsina shi ya tuƙa su har da Iya. Suhaibu ya zo na uku, Iya ta rangaɗa guɗa har mutane suna waiwaye.

Don haka duk mai son sa ɗansa a irin wannan ƙungiya, ya fara da cikin gidansa. A zauna a faɗa wa uba da uwa da kaka, a je a ga wurin, a san gajiya da yunwa da jan idon da za su biyo baya. Kada kuma a kuskura a ɗora wa yaro sirrin manya, domin zai riƙe shi ko da zai cutu. Khairunnisa ta samu yafiyar kowa, amma har yau in ta tuna cewa ɗanta ya yarda a kai shi gidan mari don ya ceci aurenta, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta share hawaye.