Ƙwallon da Ya Ƙi Tashi

Ranar da Nuriyya ta koma filin tanis na bayan jingar kogin Hadejia, shekara biyu ke nan da gwiwarta ta goce a wurin. Ta tarar da wani saurayi yana tsige ciyawa daga tsagar siminti.

"Sannu da aiki. Waye ya saka ka?"

"Ba kowa," ya ce. "A garin nan kowa jira yake a saka shi. Sunana Munzali, malamin motsa jiki ne ni. Ke ce kika faɗi a kusurwar can?"

Ta gyaɗa kai. Ya cilla mata ƙwallo a hankali, ta mayar masa.

Haka suka yi wata huɗu, kullum bayan la'asar. Gwiwa ta yi ƙarfi, zuciya ta kamu. Yana ce mata Haskena, tana ce masa Malamina.

Amma damina ta yi nauyi. Kogi ya cika ya yi shiru, irin shirun da ba na lafiya ba.

Mahaifinta, Alhaji Haladu, shi ne shugaban masu kula da jinga a unguwar, kuma ya fi shekara bai taka kanta ba. Da maganar aurenta da Munzali ta zo, ya haɗe fuska.

"Wanda ya mayar da ke inda gwiwarki ta goce? Ba zan ba shi ba. Ga Ya'u ɗan ƙanina, ya ce ko tsakar gida ba za ki yi gudu ba."

"Baba, ni gudun nake so."

"Na gama magana."

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Haskena, kada ki zo fili yau. Don Allah ki ji maganata."

Ta karanta sau uku. Wato shi ma ya janye? Ta rubuta: "Malamina, ashe tsoro gare ka." Ta ɗauki raket ɗinta na buga tanis ta fita.

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Ta sami Munzali durƙushe a kusurwar da ta taɓa faɗuwa.

"Ba Baba nake tsoro ba," ya ce. "Simintin nan ya yi laima. Gwiwarki nake tsoro."

"Laima? Kwana uku ba a yi ruwa ba."

Ta doka ƙwallo a tsakiyar fili, ya tashi har ƙugunta. Ta doka a kusurwar jinga, ya yi wani ɗif, ya kwanta. Nan take ta gane. Ruwan ba daga sama yake ba. Kogi ne ke bi ta ƙarƙashin jinga.

Nuriyya ta ruga gida, gudun da ba ta yi ba tun shekara biyu, ta gaya wa mahaifinta abin da ta gani.

"Jingar nan tun kafin a haife ki take tsaye," in ji Alhaji. "Allah ne ke tsarewa."

"Allah ne, Baba. Amma kai aka damƙa wa ita. Zo ka doka da hannunka."

Ya zo yana faɗa. Ya doka. Ƙwallo ya ƙi tashi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga waya ya kira mutanen unguwa.

Kafin magariba unguwa ta fito da buhunan yashi. Munzali na cikin taɓo har gwiwa, Alhaji na miƙa masa buhu. Jinga ta tsaya, da ƙyar.

Da ruwa ya janye aka ɗaura aure. Alhaji ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu lura." Sannan ya sassauta murya. "Kuma ka gyara mata kusurwar nan kafin ta koma."