Ƙaron Dakta Ummul

A rumfar Baushe wanzami, bakin kasuwar Filingue, aka ƙulla maganar. Dakta Ummul ta dawo daga karatu a Yamai da wani maganin gyambo mai kama da daskararren koko. Da ƙaro ake haɗa shi, a shimfiɗa a kan ciwo ya riƙe danshi har sabuwar fata ta tsiro.

"Baba, ka turo min masu gyambon da ya gagare ka, ni kuma in turo maka masu son ƙaho," ta ce wa Baushe.

"Na yarda, ɗiyata. Fara da Mamane mai awon gero. An ce a yanke mai ƙafa."

Cikin sati uku ƙafar Mamane ta fara haɗewa. Ranar Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, aka tarar kwalin maganin ya ɓace daga firjin asibiti.

Insifekta Kailu ya iso, ya duba ƙofa. Ba a fasa ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Majo Salisu, babban nas," in ji Ummul. "Wani kwalin sai bayan wata ɗaya, kuma ƙafar nan ba za ta jira ba."

Majo Salisu ya taɓe baki. "Ni ƙauyen Tabla na tahi rigakahi tun sahe. Ku tambayi wanzamin da aka ƙwace ma kasuwa."

Da Kailu ya same shi a rumfarsa, Baushe dariya ya yi. "Ranka ya daɗe, ni ko buɗe firji ban iya ba."

Kailu ya shiga ɗakin Mamane ya ɗaga zane. Babu maganin a ƙafar. An naɗe ta da busasshen bandeji, an tsaga bakinsa biyu an ƙulle a gefe.

"Wa ya ɗaure maka?"

"Ƙwaya aka ba ni, barci nike."

Kailu ya tara ma'aikata, ya naɗe hannun riga. "Kowa ya ɗaure min hannu, in gani."

Nas uku suka ɗaure, kowace ta liƙe da filasta. Da aka zo kan Salisu, kafin ya ankara yatsunsa sun tsaga bakin bandejin biyu, sun ƙulle a gefe.

"Majo, daga Tabla hannunka ya miƙo?"

Salisu ya zauna a kan benci.

"Shekara ashirin da biyu ina wanke gyambon garin ga. Likita ake ce min. Yanzu mutum sai ya wuce ni ko gaisuwa babu, yana tambaya ina yarinya mai ƙaro. Sa'ar ɗiyar cikina! Ciwo da bushewa yake warkewa, haka aka koya mana."

"To mi ya sa ka ɗaure ƙafar, tunda ka cire maganin?"

"In bar ciwo buɗe ƙuda su hau? Ni ba mahauci ba ne."

"Ina kwalin?"

"Bisa kwanon rufi."

Da aka sauko da shi, rana ta mai da maganin kamar ganda. Guda huɗu na ƙasa kawai suka tsira. Aka sa Salisu a mota, bai ɗaga kai ba.

Da huɗun nan Ummul ta yi ta lallaɓawa har sabon kwali ya zo. Mamane ya tsira da ƙafarsa, amma ya bar yatsu biyu a asibiti. Salisu ya rasa aiki, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Baushe ne ya ci riba: tun da aka ji an zarge shi a banza, sai an yi layi a rumfarsa.