Kwalliyar Turmin Yaji

A garin Ruwan Godiya akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da kaifin ido da saurin hannu. Aibinta ɗaya: ba ta tambaya. Komai ta gani sau ɗaya, sai ta ce ta iya.

Yayarta Mansura tana yi wa mata kwalliya. Takan sayo garin launi daga kasuwar Ƙanƙara, ta haɗa hodar saman ido da kanta. Sai ta wanke ɗan kofi tas. Ta zuba garin, ta ɗiga sifirit, ta gauraya. Ta zuba cikin 'yan farantan ƙarfe ƙanana kamar murfin kwalba. Ta ɗora ƙyalle mai tsabta, ta danne sosai, ta ajiye ya bushe.

"Yaya, ba ni in danna," in ji yarinyar.

"Bari sai na koya maki. Ido ba wurin wasa ba ne."

Yarinyar ta turo baki. Wai ita za a koya wa danne gari!

Ana gobe bikin yaye ɗalibai, Mansura ta tafi unguwa. Yarinyar ta lallaɓa ta ɗebi garin launi mai ruwan zinariya. Ta tarar ya yi gudaji. To ku ji ƙarfin hali! Maimakon ta jira yayarta, sai ta shiga madafi ta ɗauko ƙaramin turmin Inna. Turmin da ake dakan yaji! Ko ɗauraya ba ta yi ba, ta dai busa shi da baki. Ta daka garin ya yi laushi, ta kwaɓa, ta danne cikin murfin kwalba. Da ya bushe ya yi kyau, har yana ƙyalli.

"Ina wuyar take?" ta ce wa kanta.

Da safe ta je makaranta da abinta a aljihu. Ƙawarta Hamida ce za ta karanta jawabin bankwana a gaban iyaye. Ta daɗe tana shiri. Babanta ma ya bar aikin gona don ya ji ta.

"Zo in gyara ki," in ji yarinyar. "Irin na Yaya Mansura ne."

Abin haushi, ba ta ko gwada a kanta ba. Idon Hamida ta samu na gwaji. Ta shafa dama, ta shafa hagu.

Hamida ta ƙifta ido. Sai ta fasa ihu.

"Wayyo idona! Wuta! Wuta!"

Malama Adama ta sheƙo da gudu. Ta ɗauki murfin ta shinshina, sai atishawa.

"Ke! Mi kika sa cikin abin nan?"

"Launi ne kawai, Malama."

"Launi ke sa atishawa? A ina kika niƙa shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "A turmin yaji."

"Turmin yaji! A idon ɗiyar mutane! Ke in miya aka ce ki yi, da mi za ki zuba?"

Malama ta yi ta wanke idon Hamida da ruwa mai tsabta. Idanun sun yi jawur, sun kumbura. Can waje an fara kiran suna, Hamida kuwa ko harafi ɗaya ba ta gani. Ta fashe da kuka.

"Baba ya zo don ni," ta ce. "Mi na yi maki?"

Wannan tambaya ta fi bulala zafi. Yarinyar ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ruga wurin shugaban makaranta, ta faɗi laifinta da bakinta. Ta roƙe shi ya mai da jawabin zuwa ƙarshe. Ya yi mata faɗa sosai, sannan ya yarda.

Ta dawo ta zauna kusa da Hamida. Tana yi mata fifita, tana karanta mata jawabin a kunne. Kafin ƙarshen taro, zafin ya lafa. Hamida ta hau dandamali ta yi jawabinta tsaf, idanu jajaye. Babanta ya fi kowa tafi.

A gida Mansura ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Inna ma ta yi nata, don ranar sai da aka kankare turmi kafin a daka yaji.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," in ji Inna. "Kin ga ana dannawa, ba ki ga ana wankewa ba."

Washegari yarinyar ta je ta ba Hamida haƙuri, Hamida ta yafe. Da ta dawo, ta durƙusa kusa da yayarta.

"Yaya, don Allah koya mani. Da mi ake farawa?"

Mansura ta yi murmushi, ta miƙo mata sabulu.

Yara, gani ba iyawa ba ne. Abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku taɓa, balle in jikin wani zai shafa.