Haƙoran Malam Uwaisu

Ranar Juma'a da la'asar Kamila ta shigo ofishin 'yan sanda na Gwarzo, idonta ja. Ita ke haɗa haƙoran tangaran a wani ƙaramin asibiti. An sace haƙora huɗu da ta yi wa Malam Uwaisu na Kabo, mai jan baƙi a tafsiri, wanda babur ya zubar wa da na gaba. Saura kwana uku azumi, kuma likita ya rantse idan ba su fito ba, ta bar masa aiki.

Sufeto Badaruddeen, mutum mai ƙin gaggawa kamar ciwo, ya bi ta zuwa ɗakin aikin.

"Ina kika bar su?"

"Cikin murhun gashi, Yallaɓai, da zafinsu. Na fita salla."

Murhun a kashe yake, ƙofarsa a ɗan buɗe.

"Me zai faru in an zaro su da zafi?"

"Tsagewa za su yi. Sai an buɗe kaɗan, an jira sun huce."

Ko ɓarɓashi babu a ƙasa. Sufeto ya yi murmushi. Ɓarawon ga haƙuri, ga sanin aiki.

Zulaiha mai shara ta rantse ba ta motsa daga ƙofa ba. Sufeto ya nuna ledar da ke hannunta.

"Ledar awarar nan fa, daga sama ta faɗo?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba Maikuɗi ne ya aike ni bakin tasha."

Maikuɗi tsohon ma'aikaci ne, shi ya koya wa Kamila sana'ar. Ya ce lokacin yana masallaci.

"To wa ya aiki Zulaiha, Baba? Buɗe mana durowarka."

Ga su nan, naɗe cikin auduga, lafiya lau. Kusa da su ga 'yar guduma.

Maikuɗi ya zauna daɓas. "Shekara ashirin ina gyara bakin mutanen garin nan. Yarinyar nan ni na nuna mata riƙon burushi. Malam ya shigo, ya gaishe ni, ya ce ita yake nema. Abin ya ci min rai."

"Me ya hana ka fasa su?"

"Na ɗaga gudumar sau uku, Yallaɓai." Ya dubi haƙoran, hawaye ya zubo masa. "Ban taɓa yin masu kyawunsu ba."

Da wani kofur ya kama hannunsa suka nufi mota, Maikuɗi ya waiwayo.

"Kamila, na gefen hagu, ki ɗan rage masa tsini."