Inuwar Gefen Faranti

"Wa ya taɓa min hotuna?!"

Auta ce ta miƙe tana huci, har kujerar ɗakin binciken ta kife a bayanta.

Shekara biyu tana rainon ƙananan huhun ɓera a faranti. Kullum sai ta ɗauki hotonsu, ta bi gefen kowanne da layi da hannunta, don a auna girman da sabon magani ya ƙara musu. Yau ta tarar an shafe layukanta, an maye su da wasu jajaye.

Injiniya, wanda saura wata biyu aurensu da ita, ya matso yana murmushi.

"Ni ne, rabin raina. Manhajata ta gama aikin cikin minti huɗu... kuma ta nuna huhun ya ninka girma!"

"Ya ninka a gidan wa?" Ta dangwara yatsa a jikin kwamfutar. "Wannan huhu ne? Inuwar gefen faranti ce manhajarka ta zagaye ta ƙirga!"

'Yar Farfesa shugaban ɗakin binciken, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Injiniya, ta taɓe baki.

"Baƙin ciki ne kawai, an fi ta."

Injiniya ya kau da kai bai kare Auta ba, kuma hakan ya fi maganar ƙona mata rai.

A gida, da ta ce za ta fallasa kuskuren a taron da za a gabatar da sakamakon, Umma ta tare ta.

"Gobe a gaban manya za ki kunyata mijin da za ki aura? Dama danginsa cewa suke kin cika baki. Ki ja bakinki ki yi shiru!"

"Umma, jarirai bakwaini za a bai wa maganin nan wata rana. Da inuwa za su yi numfashi?"

Washegari a zauren taro Farfesa ya gama yabon Injiniya, ya tambaya ko da mai magana. Auta ta miƙe. Tana son mutumin nan kamar ranta, amma haka ta haska hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inuwar.

Idanu suka koma kan Injiniya.

Injiniya ya tashi, kansa a ƙasa.

"Gaskiya ta faɗa. Ni ma na ga inuwar tun makon jiya da na gwada manhajar... kunyar janyewa na ji."

Aka tafa wa jarumtarsa. Auta kuwa sai ta juya ta nufi waje.

A bakin ƙofa ya cim mata.

"Masoyiyata, na amsa laifina a gaban kowa. Ki yafe min..."

"Tun makon jiya?" Hawaye suka zubo mata. "Ka sani, ka bar 'yar Farfesa tana ce min mai baƙin ciki? Ka bar ni na saɓa wa uwata?"

"Auta..."

Ta zare zoben baikonsu ta damƙa masa.

"Da kuskure ka yi, wallahi da na aure ka haka. Amma ka gani, kuma ka yi min murmushi."